Na rangaɗa guɗa a faretin yaye ɗana na fari, dangin uba sun ce na zubar da kara

UwarBiyar_MLF:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so ku raba ni da wata magana. Babban ɗana ya gama horon kurtun soja a Daffo da ke Zariya, mun je bikin yaye su ranar Asabar. Yaron nan sunan surukina gare shi, tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba. Baffa nake ce masa, a gaban mutane kuwa ko Baffan ba na cika faɗa ba. Da aka tashi daga fareti aka sake su, sai ga shi ya nufo inda muke, ya yi baƙi, ya rame, kai ƙwal kwabo. Ya zo gabana ya buga ƙafa ya ƙame ya sara mini. Wallahi ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Na riƙe shi na yi ta kuka. Ƙanwar babansa ta ɗauka a waya ta tura wa dangi. Tun daga ranar magana biyu ake yi. Wasu sun ce na zubar da kara, wai ina aka taɓa ganin uwa ta rungume ɗan fari a bainar jama'a. Wasu kuma, har da yayata ciki ɗaya, sun ce murnar me nake yi, yaron da gobe za a kwasa a kai Borno ko dajin Zamfara. Ni kuwa har yanzu in na tuna sarawar nan sai in ji kaina ya yi girma. To laifi ne uwa ta yi alfahari da ɗanta a rana irin wannan?

Bintalo_Gusau:
Masha Allah! Barka da arziki Hajiya. Allah ya tsare gabansa da bayansa. Da ina wurin da na taya ki guɗar.

Malam_Tanimu_KT:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Amma tunda tambaya kika yi, ni ina bayan dangin uban. Iyayenmu da suke kawar da kai daga 'ya'yan fari ba ƙin su suke yi ba. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da yayanmu ba, amma duk gidan mun san in an yanka kaza wa ake ɓoye wa cinya. Guɗa aikin gwaggonni ne da kakanni. Da kin bar musu abinsu, ke kin koma gefe kin yi masa addu'a, da kin samu biyu: kin yi murna kuma ba ki ba kowa abin faɗa ba.

Hajiya_Gambo:
Malam Tanimu, naƙudar nan kai ka yi mata?

Malam_Tanimu_KT:
Hajiya ban yi ba. Amma wadda ta yi tawa ita ta koya mini abin da na faɗa.

Hajiya_Gambo:
To ni na yi, kuma na girmi mai tambayar nan nesa ba kusa ba. Na yi wa ɗan farina kara iyakar kara, a hannun kakarsa ya tashi, ranar aurensa ma gidan maƙwabta na wuni. Ban ce a watsar da al'ada ba. Amma kara ta zaman gida ce, inda yaro yana nan kullum kina ganinsa ta wutsiyar ido, kin san ya ci kin san ya kwana. Wannan fa wata shida ba ta sa shi a ido ba, kuma ba ta san yaushe za ta sake ganinsa ba. A nan ma a ce ta sunkuyar da kai? Haba.

TsohonSamanja:
Bari tsohon soja ya sa baki. 'Yata, masu cewa kin yi laifi ba su san abin da yaron ya haye ba. Su faretin suka gani a waya, takalmi na ƙyalli, badujala na tashi. Ba su ga watannin da ke bayansa ba.

Tun kafin kiran assalatu an tashe ku. Gudu, motsa jiki, sannan fareti a rana har ƙafa ta yi bororo, bororon ya fashe, wani ya fito a kansa. A koya maka kwance bindiga da harhaɗa ta har hannunka ya iya ko a duhu. Mutum ɗaya ya yi kuskure, dukanku ku sha gwale-gwale, tsallen kwaɗo da birgima a ƙasa, don a cire muku "ni" a sa muku "mu". Abinci kuwa ba a jiran mai tauna a hankali. Daga ƙarshe a kwashe ku zuwa dajin Falgore a jihar Kano, ku kwana a rami, ku yi tafiyar dare da kaya a baya. Ba duk wanda ya shiga ƙofar nan ke fitowa da kaki ba. Wasu likita ke sallamarsu, wasu da kansu suke sulalewa cikin dare.

A nawa yayen ba wanda ya zo mini. Ubana manomi ne, kuɗin mota ya gagara, kuma ko da akwai ba na jin zai zo, don a lokacin a garinmu shiga soja kusan abin kunya ne, aikin wanda ya gagari gida ake ɗaukarsa. Ina tsaye da jakata ina kallon 'yan Binuwai da Filato, iyayensu mata na zagaye su suna rawa, suna ɗaura musu zane a wuya. Na je Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990, na ga abin da ba na son ba da labarinsa, amma har yau tsayuwar nan ni kaɗai a filin Daffo tana cikin abubuwan da ke dawo mini. Yaronki ba zai taɓa mance guɗar nan ba. Akwai daren da zai zo yana gadi a wani ƙungurmin wuri, ita zai riƙa ji a kunnensa.

Bintalo_Gusau:
Baba Samanja ka sa ni hawaye wallahi. Allah ya ƙara lafiya.

Zinariya04:
Allah ya sanya alheri Mama. Ke nan yanzu ya zama laftana? Ɗan maƙwabtanmu ma ya gama NDA bara, har shugaban ƙasa ake cewa yana zuwa nasu.

MalaminTarihi_ZRX:
Zinariya, wurare biyu ne daban, mutane na yawan haɗa su. NDA a Kaduna take, an kafa ta a 1964, hafsoshi take yayewa. Ta jarrabawar JAMB ake shiga, mai neman sojan ƙasa shekara biyar yake yi, ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa. Daffo kuwa a Zariya take, cikin barikin Chindit, kuma ta girmi NDA da shekara arba'in, don tun 1924 take horar da kurata. Wanda ya fito daga can farabiti ne, daga nan ya fara hawa: igiya ɗaya, biyu, uku, har ya kai inda Baba Samanja ya kai in Allah ya yi masa tsawon kwana a aikin. Akwai kuma makarantar sakandaren soja ta yara maza, NMS, ita ma a Zariya, tun 1954.

Barikin ma tarihi ne da shi. Sunan wata runduna ce ta musamman da ta yi yaƙi da Japan a dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma bataliyoyin Najeriya na cikinta a 1944. Kakannin da yawa daga cikinmu sun je wannan yaƙi. Don haka masu ganin kamar soja baƙon abu ne a ƙasar Hausa su sake duba: ita kanta rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta ne daga 1863, daga ƙaramar rundunar da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya haɗa a Legas, wadda aka fi sani da Hausawan Glover.

Zinariya04:
Oho, na gode Malam. To farabitin ma ai ba wasa ba ne.

AbuSafiyya:
Ni ku yi haƙuri, zan ɓata muku biki. Ina tare da yayar mai tambaya. Ku duba waɗanda ke cika filin nan ranar yaye: manoma, masu shayi, 'yan fansho, zawarawa. Ɗan wane babba kuka taɓa gani ya yi aski ƙwal yana tsallen kwaɗo a Zariya? Nasu suna Ingila da Dubai. Yawancin yaran nan ba son kaki ya kai su ba, rashin aikin yi ne. Sun gama sakandare, babu kuɗin jami'a, babu jari, sai a ce ga fom ɗin soja. A ba shi horon wata shida a tura shi gaban waɗanda suka shekara goma a daji. Mun ga abin da ya faru a Metele ta jihar Borno a watan Nuwamban 2018, sansani guda aka afka wa, har kwamandan bataliyar ya rasu. Waɗanda aka binne a maƙabartar barikin Maimalari da ke Maiduguri su ma an yi musu guɗa ranar yaye. Ban ce kada ta so ɗanta ba. Cewa na yi abin tausayi ne aka mayar abin murna.

DanKwangila:
AbuSafiyya akwai gaskiya a maganarka, amma ka taɓa zuwa ka gani? Ni a Zariya nake, ina tuƙa Keke Napep. Ranar yayen kurata tun daren jajibiri gari ke cika. Daga Kwangila zuwa PZ ba ka samun wurin juyawa, masauki ya ƙare, wasu a masallatai suke kwana, wasu a tasha, wasu cikin motar da ta kawo su. Za ka ji Yarbanci, Tibi, Igbo, Barbarci, Fulatanci, duk a layi ɗaya. Na taɓa ɗaukar wani dattijo daga wajen Gaidam, buhun gero ya sayar ya yi kuɗin mota, yana riƙe da ƙullin dabino da ƙwaryar zuma zai kai wa ɗansa. Da na mayar da shi tasha da yamma bai iya magana ba, sai murmushi yake yana shafa gemu. Ka je ka ce wa wannan mutumin abin tausayi ne. Ya fi ka sanin Boko Haram, a ƙofar gidansa suke.

AbuSafiyya:
Murmushinsa bai canza inda za a kai yaron ba.

MatarSoja_Bukavu:
AbuSafiyya, ni mijina yana Arewa maso Gabas tun ana kiran aikin Lafiya Dole har aka mayar da shi Haɗin Kai a 2021. Tsoron da kake magana a kai ni nake kwana da shi, ba labarinsa nake ji ba. In waya ta yi ƙara da dare da baƙuwar lamba sai na yi salati kafin in ɗauka. In aka ga motar ofis ta shigo layinmu a hankali, duk matan layin sai mu fito ƙofa, kowa na addu'ar kada a tsaya a tata. Amma duk da haka ranar da aka ɗaura masa igiya ta biyu na dafa shinkafa na raba wa layi gaba ɗaya. Me kake so mu yi? Mu fara zaman makoki tun mutum na raye? Kuma mu faɗi gaskiya, mu da muke kukan an hana mu noma, an tare hanyar Birnin Gwari, an sace ɗalibai a Ƙanƙara, muna cewa ina sojoji, ina sojoji. Sojan nan daga sama zai faɗo? Ɗan wata ne.

Ustaz_Nura:
Game da maganar kara, a bambance al'ada da addini. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Don haka uwa ta riƙe ɗanta ba ta saɓa wa Allah ba. Kunya abu ne mai kyau, ban raina ta ba, amma kada a ɗora wa baiwar Allah laifin da shari'a ba ta ɗora mata ba. Abin da zan ce kawai, a yawaita godiya da sadaka, kuma a riƙa yi masa nasiha ya ji tsoron Allah a cikin kakin.

Malam_Tanimu_KT:
Ustaz ban ce haramun ba ne. Ba duk abin da ya halatta ne ya dace da mutum a gaban surukansa ba.

Gaskiya_Ɗaci:
"Ya ji tsoron Allah a cikin kakin", nan ne maganar take. Ku tambayi direbobin da ake sa wa tsallen kwaɗo a shingen bincike saboda sun amsa waya. Ku tambayi mutanen Tudun Biri, da jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa bam suna Mauludi a Disambar 2023, mutum sama da 80 suka rasu, rundunar da kanta ta amsa cewa kuskurenta ne. Ba banza Bahaushe ya ce soja marmari daga nesa ba. Yau yana sara wa uwarsa, gobe yana marin uban wani.

MatarSoja_Bukavu:
To farabitin da ya fito shekaranjiya shi ya tuƙa jirgin?

Gaskiya_Ɗaci:
Ban ce shi ba ne. Gidan da ya shiga nake nuna mata.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Abin da ya faru a Tudun Biri abin baƙin ciki ne, wanda ke son a tattauna shi ya buɗe nasa zaren, ba za a goge ba. Nan uwa ce ta yi tambaya a kan ɗanta. Kuma ban da zagi.

TsohonSamanja:
Gaskiya_Ɗaci bai yi ƙarya duka ba, kada a kore shi. Na ga yaran da kaki ya hau musu kai. Amma abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina riƙe da yara, wanda ya san akwai idon gida a kansa ya fi taka-tsantsan. Wanda ake kira a waya a ce masa "kada ka ci zalin kowa, kada ka karɓi na kowa", yana jin nauyi. Wanda ba mai tambayarsa shi ya fi saurin lalacewa, ga ƙwaya ga abokan banza a kasuwar mami ta bariki. Don haka 'yata, bayan guɗa sai ki bi da jan kunne, kada ki bari ɗaya ta tafi ba ɗaya.

Mama_Saratu_Kaf:
Sannu 'yar'uwa, na taya ki murna. Ni 'yata ce ta fito daga Daffo, mace. Mu a wajenmu babu wannan kara ta ɗan fari sosai, amma nawa surutun daban ne: wai wa zai auri soja, wai na sayar da yarinya. Ranar Lahadin da ta biyo baya muka yi godiya a coci, ta shigo da kakinta, matan zumunta suka rako mu gaba da waƙa. Waɗanda suka yi surutun suna cikin masu rawa. Abin da ya fi taɓa ni a wurin faretin shi ne lokacin rantsuwa, da dubban muryoyi suka ɗauka gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, har ƙasa kamar tana amsawa. Kusa da ni wata Hajiya ce daga Sakkwato, ba mu san juna ba, sai ga mu riƙe da hannun juna muna kuka. Ta ba ni goro na ba ta ruwa. Mutane za su yi magana ko kin yi guɗa ko ba ki yi ba.

Sadiq_Injiniya:
Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Bidiyon nan da aka tura wa dangi, ina ya tsaya? Hajiya, in yankin Malumfashi kike kamar yadda sunanki ya nuna, kin fi ni sanin halin da kudancin Katsina ke ciki. Infoma ba daga wata ƙasa suke zuwa ba, cikin gari suke. Gidan da aka san akwai soja wani lokaci ido na kansa. A roƙi gwaggon ta goge, waɗanda suka ɗora a Facebook da TikTok su sauke, musamman in sunansa na jikin rigar ya fito. In zai zo gida kuma ya zo da kayan gida, kakin da katin shaida kada su kasance a inda za a gani in an tare hanya.

Hajiya_Gambo:
Wannan kam gaskiya ne. Ga kuma bakin mutane, ba kowa ke cewa masha Allah ba.

Malam_Tanimu_KT:
Kun gani? Da an yi karar da duk wannan bai taso ba. Na da ba su san Facebook ba amma sun san abin da ake ɓoyewa.

Bintalo_Gusau:
Malam, ai ba ita ta ɗauki bidiyon ba. Masu cewa ta zubar da kara su suka yaɗa shi. Wa ya fi wani tona asiri?

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan haka abin yake, namu yaran a Tondibiya kusa da Yamai ake horar da da yawansu. Kuma mun san ɗacin da AbuSafiyya ke faɗi. A Inates cikin Disamba 2019 soji 71 muka rasa a hari guda, wata ɗaya bayan haka a Shinagodar aka kashe 89. Ƙasa duka ta yi zaman makoki. Amma ban ga an daina zuwa bikin yaye ba, ban ga an daina guɗa ba. Ƙanen matata na cikin soji, uwarsu in an taɓa maganarsa sai ta ce da ya tafi Libiya ta hamada ba a san kabarinsa ba, gara nan, ko me ya faru an san inda ya tsaya da abin da ya tsaya a kai. Ban ce kowa ya yarda da ita ba.

Auwal_Neman_Sa'a:
Don Allah tunda masana na nan. Ina son shiga, wani ya ce in kawo dubu ɗari uku yana da hanya a Abuja, zai sa sunana a jerin jiharmu. Gaskiya ne?

TsohonSamanja:
Ɗana riƙe kuɗinka. Fom ɗin kyauta ne, a shafin rundunar ake cikewa, kuma duk sanarwar da suke fitarwa suna faɗin haka. Ka tanadi takardar sakandare, shaidar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma da lambar NIN. Wanda ba shi da sana'a daga shekara 18 zuwa 22 ake ɗauka, mai sana'a har 26. Sauran kuma tantancewa ce a jiharka: gudu, awon tsayi, gwajin likita. Ka fara gudun safe tun yanzu, ya fi maka amfani.

DanKwangila:
Auwal ka ji maganar Baba. Ɗan kawuna gona aka jinginar aka ba wani irin wannan. Har takarda ya kawo mai tambari. Yaro ya zo Zariya da akwatinsa, a bakin ƙofa aka duba ba sunansa. A ɗakina ya kwana yana kuka, mutumin kuwa layinsa a kashe har yau.

Rabi_Marainiya:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Yayana soja ne, ya rasu a bakin aiki. Abu biyu zan faɗa.

Na farko ga Mama mai tambaya: ki zaunar da shi ku yi maganar wanda ya rubuta a matsayin magajinsa a takardun aiki. Na san ba daɗin ji, amma a yi. Namu ya rubuta babanmu tun yana kurtu, baba ya riga shi rasuwa, ya yi aure ya haihu bai sake ba. Da abin ya faru sai rigima ta ɓarke tsakanin baffanninmu da matarsa, aka daɗe ana jan magana, yaransa na zaune ba kuɗin makaranta. In ya yi aure ya je ya gyara.

Na biyu ga masu cewa murnar me. Innarmu irin su Malam Tanimu ce, shi ne ɗanta na fari, ranar yayensa ta ƙi zuwa, ta ce kunya. Mu muka je. Da ya zo gida ya durƙusa gaishe ta, "sannu" kawai ta ce ta shige ɗaki, alhali tun asuba take girka masa abinci. Yanzu hoton faretin nan yana ƙarƙashin matashinta. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ni ma ba zan sa mata magana a baki ba. Abin da na gani kawai na faɗa.

Ustaz_Nura:
Allah ya jiƙansa ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari.

Mama_Saratu_Kaf:
Allah ya ta'azantar da ku Rabi.

AbuSafiyya:
Allah ya gafarta masa. Rabi, labarinki ne abin da nake gudar wa mai tambaya tun farko.

MatarSoja_Bukavu:
Ni kuma a labarin nata abin da na ji daban ne. Kowa da inda ya sa kunne.

UwarBiyar_MLF:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka. Rabi, Allah ya jiƙan yayanki, maganar takarda kuma na riƙe. Sadiq, na kira gwaggon tasa, ta ce ta goge, amma ka san abin da ya riga ya fita.

AbuSafiyya, ba ka yi ƙarya ba, mu talakawa ne. Yaron nan da ya gama sakandare acaba ya yi da babur ɗin wani, ya yi dako a kasuwa, ya sha neman sojan nan ba a ɗauke shi ba. Amma shi yana so tun yana ƙarami, da karan dawa yake fareti a tsakar gida. Tsoro kuwa ina ji, tun da muka dawo barcina rabi ne. Sai dai ranar nan ba Borno na gani ba. Na ga yaron da ake ce wa ba zai iya ba, ya iya. Kafin a sake su na yi ta dubawa cikin layuka ban gane shi ba, duk kansu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. Da ya riƙe hannuna sai na ji tafinsa duk kanta, ya yi tauri. Na kai masa dambun nama da fura, yana tsaye ya cinye yana ba abokinsa, wani yaro daga Ebonyi da ba wanda ya zo masa. Shi ma na sa masa albarka.

Babansa kuwa ko kusa bai matso ba, yana can baya hannu a aljihu. Da yaron ya je ya sara masa, "to madalla" kawai ya ce. A mota bai yi magana ba har Funtuwa. Washegari ban san da zancen ba sai ga rago an jawo, wai sadaka.

Malam_Tanimu_KT:
To alhamdu lillahi. Uban ya yi yadda ake yi.

Hajiya_Gambo:
Ragon ai shi ne guɗar maza, Malam. Duk unguwa ta ji shi.

Malam_Tanimu_KT:
Ta ji, amma ba wanda ya ɗauke shi a waya yana kuka.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni dai saƙona ɗaya, Hajiya. In aka sa shi a shingen hanya, ya tuna direban da ke gabansa sa'an babansa ne.

UwarBiyar_MLF:
Zan faɗa masa da bakina in sha Allah.

Zinariya04:
Mama yanzu ina aka tura shi? Ko bai sani ba tukuna?

Sadiq_Injiniya:
Zinariya, irin tambayar da ba a amsawa a fili ke nan. Hajiya kada ki rubuta, ko an faɗa miki.

Auwal_Neman_Sa'a:
Baba Samanja na tura maka saƙo ta akwati. Mutumin ya sake kira yanzu, wai ya rage zuwa dubu ɗari biyu in zan biya yau.

TsohonSamanja:
Ka ce masa kakanka tsohon samanja ne, yana so ku haɗu a ƙofar bariki a ba shi kuɗin hannu da hannu. Ka ga ko zai sake kira.